Tsohon Fasfon Ɗan Ƙetare

Ɗan Ƙetare tela ne, hannunsa kuma ba laifi, amma ba ɗinki ne ya fito da shi a unguwar ba. An san shi ne da wata ukun da ya taɓa yi a ƙasar waje yana saurayi, shekara talatin da huɗu ke nan, wai ya je koyon yankan kwat. Daga nan ya samo laƙabin, laƙabin ya bi shi har ya cinye sunansa na yanka. Duk wanda ya zauna a bencin shagonsa yana jiran a sa masa maɓalli sai ya sha labarin ƙetare, ko yana so ko ba ya so.

"Can mutane sun san tsari," haka yakan fara, allura a gefen baki. "Ƙarfe tara ake kashe fitila, kowa ya kwanta. Abinci kuwa layi ake bi, babba da yaro, ba mai ce maka ka san ko ni wane ne. Kowa da lambarsa. Safe da yamma sai an ƙirga mutane, don kada wani ya ɓata."

"Gwamnati ce ke ƙirgawa?" wani zai tambaya.

"Ita fa. Can gwamnati ba ta wasa da jama'arta."

In za a yi masa adalci, a duk labarin nan abu ɗaya ne ƙarya, wato ƙasar wajen. Sauran duka da idonsa ya gani, a gidan yari. Sunan ƙasar ma a jikin keken ɗinkinsa ya karanto shi.

Ga yadda abin ya faru. Tun yana sabon buɗe shago yake da wata ɗabi'a: in mai kaya ya yi kusan tsayinsa, to a jikinsa yake gwada ɗinkin, ya ɗaga hannu, ya durƙusa, ya ji inda ya matse. Wata rana wani ɗan sanda ya kawo kakinsa a rage, ya bar hular a kan tebur da usur a aljihu, ya ce bari ya sha shayi ya dawo. Tela ya rage, ya saka, ya dubi madubi, ya ga ai rigar ba za ta nuna kanta ba sai da hula. Ya ɗora. Madubin ƙarami ne, sai ya fito bakin ƙofa don ya duba kansa a gilashin kantin maƙwabci. A daidai lokacin motoci sun cushe a mararrabar da ke gaban shagon, ba gaba ba baya, wani direba ya leƙo ya daka masa tsawa: "Yallaɓai, kana tsaye kana kallonmu?"

Ba a taɓa ce masa yallaɓai ba. Ya ji kalmar har tafin ƙafarsa. Kafin ya yi shawara da kansa ya tsinci kansa a tsakiyar titi, usur a baki, yana tsayar da waɗannan yana sakin waɗancan. Awa biyu cur ya yi, har sai da mai kakin ya iso daga shi sai singileti, da manyansa biyu a bayansa. Alƙali ya ce sojan gona ne, ya yanke masa wata uku.

A lokacin yana neman auren Malama, wadda ke koyarwa a makarantar firamare. Ya aiki amininsa, mai gyaran rediyo, ya je ya gaya mata. Aminin ya je, ya tarar da ita da mahaifinta a zaune, bakinsa ya kasa ɗaukar maganar, sai ya ji yana cewa ai an kira tela ƙasar waje bagatatan. Da tela ya fito daga gidan yari, a rame, kai a aske ƙwal, Malama ta dube shi ta ce, "Sanyin can bai karɓe ka ba." Ya ce a ransa bayan biki zai gaya mata gaskiya. Bayan biki ya ce sai ta haihu. Haka aka yi ta ɗagawa har aka haifi biyar, mai gyaran rediyo ya rasu da sirrin a cikinsa, shi kuma ya saba da labarin har wani lokaci yakan ji kewar ƙasar.

Sai ga Auta, ƙaramar 'yarsu da ke aure a wata ƙasa mai nisa, ta haihu, ta aiko da takardar gayyata: lallai Baba da Umma su zo su ga jika. Malama ta yi ta murna, ta shiga ɗaki ta fito ba ta san abin da ta je ɗauka ba. Shi ma ya yi murna, ta gaske, don rabonsa da Auta shekara huɗu, kuma a duk 'ya'yan ita ce mai zama kusa da kekensa tana zare masa zare. Amma ƙarƙashin murnar gabansa na faɗuwa. Ba hukuma yake tsoro ba. Tsoronsa kada Malama ta gano cewa mutumin da ta aura ba shi ba ne, ta dube shi irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya saci amsa.

Ranar Litinin suka tafi ofishin fasfo. Zaure ne dogo mai kujerun roba a jere, fanka uku, biyu na aiki. Aka ba su 'yar takarda mai lamba, suka zauna tun hantsi har rana ta take. Ɗan Ƙetare ya sa kwat ɗin da ya ɗinka wa kansa, yana ta gumi a ciki, amma ya ƙi cirewa, wai haka ake zuwa irin wuraren nan. Malama tana riƙe da jakar takardu a cinya, ta jera komai da tsari, takardar haihuwa a gaba, ta aure a baya.

Aka kira su gaban wata jami'a mai tabarau, wadda ba ta ɗaga kai daga kwamfuta sai dole.

"Kun taɓa riƙe fasfo?"

"Ni ban taɓa ba," in ji Malama, tana gyara zama. "Shi ya taɓa. Wata uku ya yi a waje."

Da ta bari ya amsa da kansa, da wataƙila ya yi wata dabara. Amma Malama ba ta saba jin tambaya a gabanta ta bar ta ba amsa ba.

"Ina tsohon?" jami'ar ta tambaya.

"Gara," in ji shi. "Gara ta cinye shi."

Malama ta juyo. "A wane ɗaki, Baban Auta? Ni ke share gidan nan, ban taɓa ganin gara ba."

"Kafin aure ne."

Jami'ar ta danna, ta sake dannawa, ta ce ba ta ga sunansa ba, amma ba mamaki, takardun wancan zamanin ba duka aka shigar ba. "Tunda ka taɓa riƙewa, ba sabo za a yi maka ba, madadi ne. Ka je ofishin 'yan sanda ka ba da rahoton ɓatansa, su ba ka takarda. Yana nan tsallaken titi."

Shekara talatin da huɗu yana zagaye duk wata hanya da ta bi ta gaban ofishin 'yan sanda, ko da za ta ƙara masa tafiya. Yau ga shi da ƙafarsa, matarsa a gaba tana tare masa motoci.

A bayan kanta suka sami wani saja mai tumbi, ga babban littafi a buɗe, ga biro ɗaure da igiya don kada ya bi wani. Ko a cikin wannan hali idon tela bai huta ba: ya lura rigar sajan tana buƙatar a sake ta inci biyu a ciki, maɓalli na uku kuma kwanansa ya ƙare. Saja ya saurari Malama, don ita ta yi bayanin, sannan ya turo takarda.

"Baba, rubuta nan. Lambar fasfon in ka tuna, ƙasar da ka je, da shekarar. Ka sa hannu a ƙasa. Amma ka sani, ba da rahoton ƙarya laifi ne, ana ɗaure mutum a kai."

"Wata nawa?" Bakinsa ne ya suɓuce.

"Ya danganta da alƙali. Me ya sa ka tambaya?"

Ya ɗauki biron. Ƙaryar baki ya iya, ya daɗe yana yi, amma ta takarda daban ce, kuma ya san inda take kai mutum, ya san ɗakin, ya san bokitin da ke kusurwa. Ya hango kansa da furfura yana bin layin abinci, jikansa na can yana girma bai san shi ba. Ya dubi Malama, tana leƙen takardar tana jiran ta gyara masa rubutu.

Ya ajiye biron.

"Saja, lamba ɗaya na taɓa riƙewa a duniya, kuma ba ta fasfo ba ce. Ɗari huɗu da sha bakwai."

"Ta mece ce?"

"Ta gidan yari."

Daga nan ya kwance bakin jaka, tun daga hular har singiletin. Bai dubi gefen Malama ba ko sau ɗaya. Saja ya yi iya ƙoƙarinsa, amma da aka zo kan usur sai ya kifa kai a littafin, kafaɗunsa na rawa, maɓallin nan na uku ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin benci. Malama ba ta yi dariya ba. Ta rufe jakarta a hankali, ta miƙe, ta ce, "Mun gode, ɗana," ta fice.

Saja ya share hawaye ya ce, "Baba, fasfo kam za ka samu, tsohon laifi irin wannan ba zai hana ba. Ka koma ka gaya musu ba ka taɓa yi ba. Amma masu ba da biza za su tambaye ka ko an taɓa ɗaure ka. Ka ce e, ka kai musu takardar kotu. Kada ka kuskura ka gayyato musu gara."

Ya koma wurin mai tabarau shi kaɗai, ya ce ɗazu kuskure aka yi. Ta dube shi ta saman gilashi, ta nuna masa farin ƙyallen da ake tsayawa a ɗauki hoto. Hoton da ke fasfonsa har yau, duk wanda ya gani sai ya tambaya ko rasuwa aka yi masa a ranar.

A gida ya yi shirin faɗa. Ya tanadi ban haƙuri kala-kala. Amma Malama ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Da lokacin abinci ya yi ta ajiye tukunya a ƙofar kicin, ta riƙe ludayi, ta ce, "A bi layi." Ban da ita shi kaɗai ne a gidan, amma ya ɗauki kwanonsa ya tsaya. Ƙarfe tara yana tsaka da sauraron labarai ta kashe fitila, ta ce, "Can mutane sun san tsari." Da safe ta leƙo ɗaki, ta nuna shi da yatsa ta ce, "Ɗaya," ta nuna kanta ta ce, "Biyu. Ba wanda ya ɓata." Sunan Baban Auta kuwa ya fita daga bakinta gaba ɗaya. In maƙwabciya ta aiko neman almakashi sai ta ce, "A tambayi Ɗari Huɗu da Sha Bakwai."

Abin dariya ne ga mai jin labari, amma shi ya ji jiki. A shago ya ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu. Masu zaman benci suka yi ta jan shi da zancen ƙetare, ya ce kansa ke ciwo.

Ranar zuwa kotu neman takardar hukunci, yana sa takalmi sai ya ga ta yafa mayafi.

"Ke ma za ki?"

"Na sha labari daga bakinka shekara talatin da huɗu. Yau daga takarda nake son ji."

Ɗakin ajiyar takardun kotu a ƙasan bene yake, fayil-fayil ɗaure da igiya har rufi, ga warin tsohuwar takarda. Magatakardan wani tsoho ne mai son aikinsa fiye da kima. Ya tambayi shekara da wata, ya hau tsani, ya yi atishawa uku, ya sauko da fayil ɗin kamar wanda ya kamo kifi. Ba wanda ya roƙe shi, amma ya buɗe ya fara karantawa da ƙarfi.

"Shaida na biyu, direban babbar mota. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana bin mararrabar, bai taɓa wucewa cikin minti biyar ba sai ranar. Ya roƙi kotu, in an gama da wanda ake tuhuma, a mayar da shi wurin." Ya juya shafi. "Mai ƙara ya amsa cewa kakin ya zauna masa daidai bayan gyaran, ba shi da ƙorafi ta wannan fannin."

Malama ta ja gefen mayafi ta toshe baki, ta juya tana karanta kalandar bango, wadda ta bara ce. Ɗan Ƙetare ya ga kafaɗarta ta motsa, ya ji wani sanyi a ransa. Amma da suka fito bakin titi fuskarta ta koma yadda take.

"Ka tuna shekarar da na kira ka ajina ka yi wa yara bayanin ƙasar waje?"

"Na tuna."

"Yara arba'in da biyu suka rubuta a jarrabawa cewa a ƙasar nan ana ƙirga mutane safe da yamma. Na ba su maki. Ɗaya daga cikinsu yanzu shugaban makaranta ne."

Ya sunkuyar da kai. Suka yi tafiya kaɗan, sannan ya yi ta maza ya fito da tambayar da ta hana shi sakat tun yana saurayi.

"Malama, da kin sani tun a lokacin, da kin aure ni?"

Ta tsayar da mota ta shiga, ta matsa masa wuri.

Auta ce ta cike musu fom ɗin biza daga can, don haka dole aka gaya mata a waya. Ta fashe da dariya har jaririn ya farka ya taya ta da kuka. "Baba, ashe ni ce ta farko da ta fita waje a gidanmu? Shekara huɗu ina jin kunyar ba ka labari, ina cewa me zan gaya wa wanda ya riga ni!" A gurbin tambayar ko an taɓa ɗaure shi ta sa e, ta haɗa da takardar kotun.

A ofishin jakadanci ta bayan gilashi aka yi magana, da tafinta a gefe. Jami'in ya karanta takardar a nitse, ya koma farko ya sake karantawa, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa wani layi. Sannan ya yi tambaya, tafinta ya juya: "Ya ce tun daga lokacin ka sake yin wani laifi?"

"Ko hular wani ban sake taɓawa ba."

"Ya ce a ƙasarsu fitilu ne ke ba da hannu, kada ka taimaka musu."

Aka ce su je, za a neme su. Kwana goma sha tara ana jira. A ciki kullum yana tunanin in aka ba Malama aka hana shi, to shi ke nan, za ta tafi da tambayarsa ba amsa, ya zauna yana ƙirga kansa da kansa. Ranar da fasfunan suka dawo ya kasa buɗe nasa, sai ita ta buɗe, ta duba, ta miƙa masa. "An ba ka," in ji ta, ta wuce kicin.

A cikin jirgi aka ba su kujeru biyu a jere, shi a bakin taga. Ya ɗauki bel ɗin kujera ya juya shi gaba da baya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan maɓalli da zif, ya rasa ina ke shiga ina. Ya saci kallon Malama, ita ma ta kamo rabin nata da rabin na maƙwabcinta tana ta haɗawa. Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, ta yi murmushi ta wuce.

Jirgin ya fara ja da baya a hankali. Malama tana kallon bayan kujerar gabanta ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Kullum ranar Laraba in na tashi daga makaranta sai na biya gidan waya, ko akwai wasiƙa mai kan sarkin ƙasar waje. Wata uku. Har mai ba da wasiƙu ya fara jin kunyata. Na ce shi ke nan, ya samu wata a can, ya manta da ni. Na yi kukan da ban taɓa gaya wa kowa ba." Ta juyo ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. "Ashe kana nan bayan tashar mota. Mota ɗaya ce daga makarantarmu, Baban Auta. Da na sani, da kullum na kawo maka abinci."

Ya buɗe baki, a karon farko a rayuwarsa ya rasa labarin da zai bayar. Injin ya ɗauki ƙara, jirgin ya zabura a guje, kujera ta danne masa baya, gine-gine suka fara wucewa ta taga da saurin da bai taɓa gani ba.

"Malama," in ji shi, "wallahi tsoro nake ji."

"Ni ma," in ji ta. "Kawo hannunka."